Kabarin Cherry a Bayan Gidan Mai Gadi

A ranar 28 ga Afrilu, 1881, wani ɗan ƙaramin kare mai suna Cherry ya mutu a birnin Landan. Tsufa ne ya kashe shi. Karen wasu yara ne da suka saba zuwa da shi yawo lambun Hyde Park, har suka shaƙu da mai gadin ƙofar Victoria, wani Mista Winbridge. Da karen ya mutu, iyayen yaran suka roƙi mai gadin ya bar su su binne shi a ɗan filin da ke bayan gidansa. Ya amince. Aka kafa ɗan dutse, aka rubuta sunan karen da ranar mutuwarsa.

Roƙon nasu yana da dalili. A Landan ta wancan zamani, mushen kare shara ne. Ko a jefa shi juji, ko kogin Thames, ko a miƙa wa masu jima su feɗe fatar. Maƙabartar coci kuwa ba ta karɓar dabba. Mai ƙasa kaɗai ke da zaɓi. Mawaƙi Lord Byron ya gina wa karensa Boatswain, wanda ciwon haukan kare ya kashe a 1808, babban kabari a gidan gadonsa na Newstead Abbey. Sarauniya Victoria ta binne nata, Dash, a Windsor a 1840. To wanda ke zaune a tsakiyar birni, ba gona ba fili, ina zai kai nasa?

A lokacin kuma matsayin kare yana canjawa a gidajen masu hali na Ingila. Ya tashi daga bakin ƙofa ya koma falo, yana kwana kusa da murhu, yara suna tasowa tare da shi. An yi gasar nuna karnuka ta farko a Newcastle a 1859, shekara guda bayan haka Mary Tealby ta buɗe gidan kula da ɓatattun karnuka wanda daga baya ya koma Battersea. Bahaushen da ya san kare a wajen gadi da farauta zai iya jin abin banbaraƙwai, kodayake duk wanda ya ga mafarauci ranar da ya rasa karen da yake taƙama da shi ya san ba ƙaramin rashi ba ne.

Bayan Cherry sai Prince, karen matar Duke na Cambridge, wanda keken doki ya take a kusa da ƙofar. Daga nan labari ya bazu cikin unguwannin attajirai da ke kewaye da lambun. Winbridge ne ke haƙa ramin da kansa, sau da yawa shi kaɗai yake binnewa, domin masu karen ba sa iya tsayawa su gani. Zuwa 1903 da aka rufe wurin, kaburbura sun kai kimanin 300. An ci gaba da binne ɗaiɗaiku jefi-jefi bayan haka. Kafin nan wasu biranen sun buɗe nasu: Hartsdale kusa da New York a 1896, Asnières a gefen Paris a 1899.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rubutun da ke jikin duwatsun. A 2020 wani masanin kayan tarihi na Jami'ar Newcastle, Eric Tourigny, ya wallafa nazarin duwatsu fiye da 1,000 daga maƙabartun dabbobi huɗu na Ingila, har da ta Hyde Park, na tsawon shekara ɗari daga 1881. Ya ga cewa mutanen zamanin Victoria aboki suke kiran karensu, ko amini. Suna taka-tsantsan: ba kasafai suke sa alamar addini ba, kuma idan sun ambaci sake saduwa bayan mutuwa, cikin ɗari-ɗari suke yi, kamar mai tsoron a ji shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai harshe ya sake. Masu kare suka fara kiran kansu uwa da uba a jikin dutsen, suna haɗa wa karen sunan zuriyarsu.

A ganina baƙin cikin bai ƙaru ba tsakanin zamunan biyu, kunyar bayyana shi ce ta ragu. Iyalin da suka je suka roƙi mai gadi alfarmar taki biyu na ƙasa ba su rasa ƙauna ba, wurin ajiye ta suka rasa. Sai dai kada a manta cewa wannan alfarma ta masu kuɗi ce. A shekarun da ake sassaƙa wa karnukan attajirai dutse, talakawan Landan da yawa ana zuba su ne a kabarin haɗaka, ba suna ba alama.

Maƙabartar tana nan har yau, a kulle. Hukumar da ke kula da lambunan masarauta takan buɗe ta lokaci-lokaci ga 'yan ziyara kaɗan, sauran jama'a kuwa sai dai su leƙa ta tsakanin ƙarafan shinge daga titin Bayswater.