Shirun Da Aka Yi A Dareta

Dareta ƙauye ne a ƙasar Anka, yamma da Gusau. Mutanenta manoma ne, amma a ƙarƙashin gonakinsu akwai zinariya. Da kuɗin zinariya ya tashi a duniya bayan shekarar 2008, sai samari suka dinga haƙo duwatsu suna kai su gida. A tsakar gida ake farfasa su, a niƙa su da injin niƙa, mata kuma su daka a turmi. Ba wanda ya san cewa dutsen nan cike yake da dalma, watau darma, wadda ke guba ce in ta shiga jiki.

Ƙurar ta bi ƙasa, ta sauka a kan tabarma da ƙwarya. Yaro mai rarrafe kuwa, kowa ya sani, hannunsa daga ƙasa sai baki. Agwagi ne suka fara mutuwa, sa'an nan yara. Yaro yakan yi amai, ya shiga jijjiga, kwana kaɗan sai a ɗauke shi.

A watan Maris na 1910 da ƙari ɗari, watau 2010, likitocin ƙungiyar MSF da ke yawon duba sanƙarau suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Da masana daga Amurka suka ƙidaya a Dareta da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, sai suka tarar cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun rasu cikin shekara guda. Yaro ɗaya ke nan cikin huɗu.

To, abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa shi ne, da aka gane cutar daga aikin zinariya take, wasu garuruwa suka rufe bakinsu. In baƙo ya tambaya, sai a ce lafiya lau. Ba don ba su son 'ya'yansu ba. Tsoro suke kada hukuma ta hana haƙa, gama abin da mutum ke samu a ramin zinariya ya fi na gero nesa ba kusa ba. Tsoron nan kuwa ba na banza ba ne, don Gwamnatin Zamfara ta sa dokar hani. A ganina dokar ta ƙara wa shirun ƙarfi.

Ɓoye al'amarin ciwo da warkewa tsohon zance ne. A cikin Linjila ta Markus, ɗaya daga littattafan Kirista, an ba da labari cewa Annabi Isa ya warkar da kuturu, ya kuma gargaɗe shi kada ya gaya wa kowa. Haka ya yi da ya ta da 'yar Yayirus mai shekara 12, haka kuma da kurman nan mai i'ina. Wani malami Bajamushe, William Wrede, ya rubuta littafi a kan wannan a 1901, har yanzu kuwa malaman Kirista suna muhawara a kan dalilinsa. Amma akwai abu guda a labarin kuturun da ya shafe mu. Ko da yake an hana shi shela, an umurce shi ya je ya nuna kansa ga firist, wanda a dokar Yahudawa shi ne mai duba kutare ya yanke ko sun tsarkaka. Mai duba cuta shi kaɗai ne ba a ɓoye wa ba. A garuruwan zinariya kuwa, shi aka ɓoye wa.

Aikin magani ya zo da wuya biyu. An buɗe wuraren jiyya a Anka da Bukkuyum, ana ba yara ƙwayar da ke jawo dalma daga jini ta fita da fitsari. Amma ba amfanin warkar da yaro a mai da shi gidan da ya ɗebo gubar. Saboda haka sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka kwashe, aka zuba sabuwa. An fara da 'Yargalma da Dareta a watan Yuni na 2010, ana tsere da damina. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013. An ƙiyasta yara kamar 400 suka rasu a yankin, an yi wa dubbai magani, a 2022 kuwa MSF ta miƙa aikin ga Gwamnatin Zamfara.