Kwana Biyu a Amstadam Saboda Zane 28

Akwai wata al'ada da muke yawan gani a wajen Turawa: mutum ya ga ranar haihuwarsa ta matso, maimakon ya tara jama'a a yanka kek, sai ya sayi tikitin jirgi shi kaɗai, ya kama ɗaki na kwana biyu a wani birni, ya je ya kalli baje kolin zane-zane, ya dawo gida. A wajenmu tafiya ba ta rasa dalili, ko biki, ko gaisuwar rasuwa, ko kasuwa, ko karatu. Wanda ya ce ya tsallaka ƙasa don ya tsaya gaban allon da aka shafa wa fenti, sai dangi sun tambaya ko lafiya. Amma su ma Turawan ba da wannan al'ada suka taso ba. Ba ta kai shekara 200 ba, kuma jirgin ƙasa da kuɗin auduga da siyasa ne suka haife ta.

Mu fara da misali na kusa. Daga 10 ga Fabrairu zuwa 4 ga Yunin 2023, gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam a ƙasar Holan ya tara zane 28 na Johannes Vermeer a wuri ɗaya. Vermeer mutumin garin Delft ne, an haife shi a 1632, ya mutu a 1675 da bashi a wuyansa, har sai da matarsa ta ba wani mai gidan burodi zane biyu jingina saboda kuɗin burodin da yake bin su. Duk abin da ya rage na aikinsa a duniya bai wuce 37 ba, kuma a warwatse suke: Landan, Paris, Balin, Washinton, New York. Gidan Frick na New York ya yarda ya ba da aron uku nasa ne saboda ana gyaran gininsa a lokacin. Tikiti ya ƙare cikin 'yan kwanaki da buɗewa, kuma kafin a rufe mutum 650,000 sun shiga.

Zanen nan duk suna nan tun ƙarni na 17. Abin da ya tayar da mutane daga gidajensu shi ne wa'adi: wata huɗu suna tare, daga nan kowane ya koma inda ya fito. Hatta shahararren cikinsu, na yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u, a ƙarshen Maris aka mayar da shi gidansa a birnin Hague, saboda haka wanda ranar haihuwarsa ta faɗo a Afrilu bai same shi ba.

Kafin ƙarni na 19 babu irin wannan taro. Manyan zane-zane suna fadoji da majami'u da gidajen masu hali. 'Ya'yan attajiran Ingila kan yi shekara ɗaya ko biyu suna yawo a Faransa da Italiya da malami da barori, wannan ita ce hanyar ganin su. An buɗe Louvre ga jama'a a 1793, amma shi gida ne na dindindin, ba ya gudu, babu mai gaggawar zuwa. A Ingila kuwa, mai son ganin abin da ke rataye a gidan wani basarake sai ya nemi wasiƙar gabatarwa daga wanda maigidan ya sani.

Jirgin ƙasa ya sauya lissafin. A 1851 aka yi babban baje koli a Landan cikin wani katafaren gini na ƙarfe da gilashi, mutane kimanin miliyan 6 suka shiga, kuma wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Cook ya yi jigilar fiye da 150,000 daga cikinsu a kan farashi mai rahusa. Sai dai injuna da kayan masana'antu aka fi bajewa a can. Wanda ya shafe mu shi ne na Manchesta a 1857.

Manchesta a lokacin birnin hayaƙi ne da masaƙu, arzikinsa daga audugar da bayi ke nomawa a kudancin Amurka. Mutanen Landan na yi wa attajiransa kallon masu kuɗi marasa wayewa, abin kuma yana yi musu ciwo. Ana cikin haka wani Bajamushe, Gustav Waagen, shugaban gidan zane-zane na Balin, ya wallafa littafi a 1854 da ya lissafa dukiyar zane da ke ɓoye a gidajen Ingila. Masu masaƙu suka ga dama ta samu. Suka haɗa kuɗi, suka nemi goyon bayan Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria. Da fadar ta ba da aron nata, sauran masu sarauta suka ji kunyar hanawa. A unguwar Old Trafford, wadda yau muka fi sani da ƙwallo, aka kafa ginin wucin gadi, aka yi masa tashar jirgin ƙasa a bakin ƙofa. Daga 5 ga Mayu zuwa 17 ga Oktoba aka baje abubuwa fiye da 16,000, mutane fiye da miliyan 1.3 suka zo, wato kusan ninki huɗu na mazauna birnin. Kuɗin shiga sule ɗaya ne a yawancin ranaku. Wani mai masaƙa, Titus Salt, ya ɗebo ma'aikatansa kimanin 2,500 a jirgin ƙasa ya kawo su kallo.

A nan ne muke ganin an yi tuya an manta da albasa. An kawo leburan masaƙa daga nesa, an tsayar da shi gaban aikin Michelangelo, amma lamba kawai aka maƙala wa zanen, sai wanda ya sayi littafin bayani zai san abin da yake kallo. An buɗe masa ƙofa, ba a ba shi ɗan jagora ba. Duk da haka abin ya bar baya mai kyau. Makaɗan da Charles Hallé ya tara don nishaɗantar da baƙi sun zama ƙungiyar kiɗa da har yau take Manchesta da sunansa. Ginin kuwa rushe shi aka yi bayan an gama.

Daga nan gwamnatoci suka gane amfanin abin. A 1898 Amstadam ta tara aikin Rembrandt don bikin hawan Sarauniya Wilhelmina. A ƙarshen 1929 Mussolini ya sa aka loda wa jirgin ruwa ɗaya manyan zane-zanen Italiya zuwa Landan don ya burge Ingila, guguwa ta same shi a hanya, da ya nutse da asarar ba ta misaltuwa. A ƙarshen 1962 Faransa ta aika Mona Lisa Amurka. A 1972 Masar ta ba da aron kaya 50 daga kabarin Tutankhamun ga gidan tarihin Birtaniya, fiye da mutum miliyan 1.6 suka bi layi, wasu na awa da awanni, aka sa ribar cikin aikin ceto gine-ginen tarihi na Philae daga ruwan madatsar Aswan.

Wanda ya fi kama da matafiyinmu mai bikin haihuwa shi ne marubucin Faransa Marcel Proust. A 1921, yana fama da ciwon asma, da ƙyar yake fita daga ɗaki, ya ji an kawo zanen Vermeer na garin Delft wani baje koli a Paris. Ya lallaɓa ya je, wani abokinsa na riƙe da shi. Daga baya ya sa wannan ziyara a littafinsa, inda wani tsohon marubuci ya faɗi ya mutu a gaban zanen. Shekara ɗaya da rabi bayan ziyarar Proust ya rasu.

Mu da muke cin abinci da kwamfuta, tambayar da ke zuwa mana ita ce, wahalar ta mece ce? Wannan Rijksmuseum ɗin dai ya sa hoton babban zanen Rembrandt a intanet a 2022 mai gigapiksel 717, kana iya zuƙo shi a wayarka har ka ga tsagewar fenti da ido ba zai gani a zauren ba. Amsar da muka fi gamsuwa da ita ita ce girma da launi. Waya tana mayar da kowane zane tsawon tafin hannu. Zanen Vermeer na mai saƙar leshi bai wuce santimita 24 ba, na Rembrandt ɗin kuma ya fi mita uku, amma a allo duk ɗaya suke. Shuɗin da Vermeer ke amfani da shi daga dutsen lazuli na Afganistan ake niƙo shi, kuma kowace waya da irin shuɗin da take nunawa. Layin ma bai mutu ba, komawa ya yi cikin manhaja: da aka saki ƙarin tikiti a Maris ɗin 2023, cunkoso ya durƙusar da shafin gidan tarihin. A 1972 mai haƙurin tsayuwa ke shiga, yanzu sai mai saurin intanet da katin banki da ke aiki a waje.

Wannan ya kawo mu gida. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a yankin da yau yake kudancin Kaduna, su ne ginshiƙin gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952. A ƙarshen 2013 aka yi musu babban baje koli na abin da masana jami'ar Goethe suka haƙo tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, amma a Frankfurt ta Jamus aka yi shi, kuma tun kafin nan wasu masanan Najeriya suna ƙorafi kan yadda ake fita da kayan. Ɗan Paris da ya so ya ba kansa kyautar ranar haihuwa, jirgin ƙasa na awa huɗu kawai zai hau. Ɗan Kafanchan, wanda daga ƙasarsu aka tono su, sai ya nemi bizar Schengen, ya kai takardar banki da shaidar aiki da ta masauki, ya biya kuɗin da ba a mayarwa ko an hana shi, sannan ya jira amsa alhali ranar rufe baje kolin tana matsowa.