Lua: ɗan ƙaramin harshen da ke zaune a cikin C

 Yau daga Ƙofar Kaura nake magana, nan cikin birnin Katsina, amma labarin namu a Brazil ya faro.

Daga 1977 zuwa 1992, gwamnatin Brazil ta tsananta dokar shigo da kwamfuta da manhajoji daga waje, dole 'yan ƙasa suka koma ƙera nasu. A jami'ar PUC-Rio akwai cibiyar Tecgraf da ke yi wa kamfanin mai na Petrobras aiki. To matsalar harshe irin C ita ce, ko abu kaɗan ka sauya, sai an sake juya shi zuwa harshen na'ura kafin ya yi aiki. Injiniya kuma ba shi da wannan lokacin. A 1993 Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes suka fito da Lua, ɗan ƙaramin harshe da ake dasawa cikin manhajar C. Lua a harshen Fotugal "wata" ke nan, don wanda ya gabace shi sunansa SOL, wato "rana".

Ga inda gizo ke saƙar. Lua da kansa yake share duk abin da aka gama amfani da shi daga ma'adanar kwamfuta. C kuwa babu ruwansa, sai ka share da hannunka. Idan C ya riƙe adireshin wani abu, Lua ya zo ya share shi fa? Manhaja ta faɗi, ko ta ba ka lissafin ƙarya ba ka sani ba, wanda ni a ganina ya fi muni.

Python ƙirga masu riƙe da kowane abu yake yi, kuma mai rubuta C ne zai riƙa ƙarawa yana ragewa. Ka manta sau ɗaya, ka shiga uku. Lua 4.0 na shekarar 2000 ya bi wata hanya: ƙofa ɗaya tal, kamar zamanin da ganuwa ke tsaye, mai kaya sai ta ƙofa zai shigo gari. Ana jera abubuwa ɗaya kan ɗaya kamar kwanuka, C ya ambaci lambar kwano kawai, Lua na kallon komai.

Kuma kun sha cin karo da shi. Tun 2013 Wikipedia ke aiki da Lua. Akwatin bayanan nan da kuke gani a gefen maƙaloli da yawa na Wikipedia ta Hausa, shi ke haɗa shi.