Hawasha da Kambo: Wane ne Talakan Jazira?

Waiwaye adon tafiya ne, in ji magabata. Yau za mu waiwayi gwagwarmayar talakawa a ƙasar Jazira, mu duba inda kakanninmu suka tsaya a cikinta.

A shekarar 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman auduga tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Daga baya tsarin rabon riba ya tsaya a kan kashi 40 na gwamnati, 20 na kamfanin Turawa, 40 na manomi mai hawasha. Akwai mutum na huɗu wanda rabon bai ambace shi ba, wato ɗan ƙodagon da ke cirar ciyawa da tsintar auduga. Ladansa daga aljihun mai hawasha yake fita. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata Hausawa ne da Fulani da Barebari da mutanen Darfur, waɗansu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, waɗansu kuwa masu hijira ne da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903.

A 1946 masu hawasha suka yi yajin aiki, suka ƙi shuka auduga sai an ba su kuɗinsu da ake ajiyewa a asusun ko-ta-kwana. Gwamnati ta sassauto, ta biya wani kaso. A wannan shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar da ta zama Jam'iyyar Kwaminis ta Sudan. A 1950 aikin Jazira ya fita daga hannun kamfani ya koma na gwamnati, sannan ƙungiyar manoma ta yi ƙarfi a ƙarƙashin Shaikh al-Amin Muhammad al-Amin, wanda ya zama minista bayan juyin Oktoba na 1964. Manomi ya hau kujerar minista, wannan ba ƙaramar nasara ba ce.

To, amma ƙungiyar ta masu hawasha ce. Nan ne tambaya mai wuya ta tsaya wa masu aƙidar gurguzu. Ra'ayi ɗaya shi ne, mai hawasha talaka ne da bashi ya yi wa katutu, bai isa ya zaɓi abin da zai shuka ba, don haka wajibi ne a haɗa kai a tunkari hukumar da ke Barakat, a bar sauran magana sai gaba. Ɗaya ra'ayin ya ce duk kwabon da aka ƙara wa mai tsintar auduga daga kason mai hawasha zai fito, saboda haka ƙungiyar mai biya ba za ta taɓa zama bakin wanda ake biya ba. Kowane ɓangare yana da hujja. Na farko ne ya yi rinjaye a aikace, na kambo ya zauna ba ƙungiya, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ma ta ƙara zurfafa ramin. Lokacin karyewar tattalin arzikin duniya a farkon shekarun 1930, manoma da dama sun watsar da hawasha, baƙi daga yamma suka karɓa suka raya. Amma dokar jinsiyya ta 1948 ta gindaya sharaɗin zama a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Wanda ya iso bayan Burmi ya makara ke nan, ya zama baƙo a gonar da ya yi wa gumi.

Idan muka leƙa ƙasar kakanni, za mu ga bambanci. A Kano, ranar 8 ga Agusta 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya. Ita ta raba al'umma gida biyu, masu sarauta da talakawa, dukawa da maƙera da 'yan koli duk suka sami wurin zama a ciki. A Jazira kuwa talauci bene ne mai hawa biyu, kuma takardar ɗan ƙasa ce matattakalar.

Sai a 'yan shekarun baya ne mazauna kanabi suka kafa taronsu, suna neman filin zama da makaranta da asibiti da ruwan sha. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya nuna tsadar wannan jinkiri, domin wanda ba shi da wakili shi ake fara zargi.

Idan ƙura ta lafa, za a zauna a sake tsara aikin Jazira. Mai hawasha maƙwabcinmu ne, waɗansu ma 'yan uwanmu ne na jini, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a wannan karon matasanmu su shiga zauren da sunayensu a rubuce, su faɗi bukatarsu da bakinsu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.