Kashi na 14: Kuɗin hana noma a gundumar Sunflower

Yau za mu leƙa Amurka, jihar Mississippi, wata gunduma ta manoman auduga da ake kira Sunflower. Tambayarmu ɗaya ce: idan gwamnati ta ce ta fitar da tallafin noma, aljihun wa yake faɗawa?

A shekarar 1932 farashin auduga ya faɗi warwas, manomi ya kai kaya kasuwa ya dawo da bashi. Da Shugaba Roosevelt ya hau mulki, sai ya sa hannu a kan dokar daidaita harkar noma a watan Mayun 1933. Dabarar ita ce a biya manomi kuɗi ya rage abin da yake shukawa, kaya su yi ƙaranci, farashi ya tashi. A wannan shekarar aka bi da garma ta kan auduga mai rai har eka miliyan 10.

To, a nan gizo ke saƙar. A Sunflower a wancan lokacin, akasarin masu duƙawa a gona baƙar fata ne, jikokin bayi, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa. Noman kashi-mu-raba suke yi: mai gona ya ba ka fili da iri da bashin abinci, da kaka a raba amfani. Shi kuwa cekin gwamnati da sunan mai gona yake fitowa. Kwamitin gunduma da ke sa ido a kan rabon ma manyan masu gonaki ne a cikinsa. Ka ga an bai wa kura ajiyar nama ke nan. Mai gona ya karɓi kuɗi, ya rage fili, ya sayi tarakta, sannan ya ce wa iyalan da suka shekara da shekaru suna yi masa noma su kwashe komatsansu.

Mutum biyu sun isa misali. Na farko Sanata James Eastland, mai gona ta dubban eka a Doddsville, ɗan kwamitin noma na majalisar dattawa, kuma jigo wajen kare wariyar launin fata. A ƙarshen shekarun 1960, gonarsa na karɓar sama da dala dubu 100 a shekara don ta rage shuka auduga.

Ta biyu Fannie Lou Hamer, a kusa da Ruleville, 'yan mil kaɗan daga gonar sanatan. Tana 'yar shekara shida ta fara tsinkar auduga. Ranar 31 ga Agustan 1962 ta je Indianola yin rajistar zaɓe. Tana dawowa mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gona. Ta tafi. A 1969 ta kafa gonar haɗin gwiwa mai suna Freedom Farm da eka 40, don talaka ya noma abin da zai ci ba tare da tsoron kora ba. Gonar ta faɗaɗa, amma rashin kuɗi ya durƙusar da ita a tsakiyar shekarun 1970.

Da surutu ya yi yawa, a 1970 majalisa ta ƙayyade tallafin a dala dubu 55 kan kowane irin amfanin gona. Sai manya suka rarraba gonakinsu a takarda tsakanin 'yan uwa, kowa ya karɓi nasa.

Zancen bai tsaya a Amurka ba. A 2003 Chadi, Mali, Benin da Burkina Faso sun kai kuka gaban hukumar cinikayya ta duniya cewa tallafin audugar Amurka na karya farashin da manomansu ke samu.

Saboda haka matasa, duk ranar da kuka ji an ce an ware biliyoyi don manoma, ku tambayi abu uku: sunan wa ke cikin jerin, wa ya rubuta jerin, kuma mai riƙe da fartanya yana da kujera a kwamitin?

Ku ajiye mana ra'ayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a kashi na gaba, idan Allah ya kai mu.