Daga Tama Zuwa Gwangwan: Tarihin Ƙira da Tsofaffin Kaya a Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gusau ko ta Tsafe ko ta Bunguɗu zai tarar da rumfunan da ake sayar da fartanya da lauje da kurfoti da tukwanen alminiyam, waɗanda galibinsu daga tsofaffin ƙarafa aka ƙera su. Mutane da yawa suna ɗauka cewa talauci ne kawai ya haifar da wannan sana'a, watau rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa al'amarin ya wuce nan: gadon maƙeran gargajiya ne wanda ya sauya kama domin ya tsira.

Zamanin tama

Kafin zuwan Turawa, ƙarfe abu ne mai wuyar samu a ƙasar Hausa. Sai an haƙo tama, an ƙona gawayi mai yawa, an narka ta, sa'an nan maƙeran baƙi su sami abin da za su ɗora a uwar maƙera. Saboda haka ba a yar da ƙarfe. Garma idan ta cinye, akan mai da ita wurin maƙeri ya fitar da wuƙa ko basilla daga cikinta. Maƙeran fari kuwa sukan narka liyari, watau tsohon kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tariza, su yi zobba da awarwaro. Ashe sake sarrafa tsohon abu ya girmi mulkin mallaka.

Zuwan jirgin ƙasa

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. A 1929 kuma aka kammala reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau har Ƙaura Namoda. Gusau ta zama cibiyar cinikin auduga da gyaɗa, kuma tare da hajjar Turai sai ga tarkacenta: garwar kananzir, da gwangwanaye, da langalangar ɗaure kaya, daga bisani kuma tayoyi da sifirin na motoci. Wannan ƙarfe ya fi na tama araha nesa ba kusa ba, don haka cikin 'yan shekaru goma-goma narkar tama ta mutu. Babbar asara ce, domin ilmin ɗaruruwan shekaru ya bi masu shi kabari.

Amma ƙira ba ta mutu ba. Maƙera sun gane cewa sifirin mota ya fi riƙe kaifi, suka mai da shi gatari da adda. Daga gwangwanin madara aka fitar da fitilar a-ci-bal-bal, daga garwa aka yanka mazurari, daga robar cikin taya aka ɗinka guga, daga tayar kanta aka yanka takalmin manoma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fasahar zubin alminiyam ta bazu a Afirka ta Yamma: a danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi a ɗauki siffarta, a narka tarkacen injin, a zuba. Yara ma suka ɗauki hannu, motar langalanga ta zo ta zauna kusa da motar kara.

Sana'a ko fasaha?

Ba Hausawa kaɗai suka bi wannan hanya ba. Masaga na Bida sun daɗe suna narka kwalabe suna yin tsakiya da awarwaro. Haka kuma El Anatsui, mutumin Gana wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya shahara wajen haɗa dubban marafan kwalabe da wayar tagulla su zama kamar shimfiɗaɗɗen mayafi, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2015. Idon da ya hango mayafi a marfin kwalba, irinsa ne ya hango fitila a gwangwanin madara. Bambancin shi ne, an rubuta sunan ɗaya, an manta da na ɗayan.

Kammalawa

A yau kayan roba da tocilan masu araha sun kori a-ci-bal-bal daga gidaje da yawa, 'yan gwangwan kuma suna kwashe tarkace zuwa manyan masana'antu, maƙeri na saye da tsada. Abin da ya sami masu narkar tama yana iya samun waɗannan. Ya wajaba a kan sassan tarihi na jami'o'i su aika ɗalibai unguwanni irin su Damba, su zauna da tsofaffin maƙera, su rubuta sunayensu da na waɗanda suka koya musu, su kuma adana samfurin aikinsu tun da sauran masu ba da labari.