Fanshon Ma'aikatan Jirgin Ƙasa a Amurka: Yadda Aka Daɗe Kafin a Tuna da Matar Mamaci

Dokar fanshon ma'aikatan jirgin ƙasa ta girmi tsarin inshorar tsufa na ƙasa baki ɗaya a Amurka da shekara guda. Rashin aikin yi ne ya haife ta. Daga 1929 zuwa 1933, lokacin babbar karayar tattalin arziki, ma'aikatan jirgin ƙasa sun ragu daga wajen miliyan 1.7 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya. Da yake ƙa'idar aikin tana fifita wanda ya daɗe, matasa aka fara sallama. Dattawa kuma suka ƙi sauka, domin fanshon da kamfanoni ke biya kyauta ce da suke iya ragewa duk sa'ad da suka ga dama.

A 1934 Majalisar Dokoki ta kafa fansho na tilas, don tsofaffi su huta, matasa su koma bakin aiki. Kamfanoni suka garzaya kotu. A watan Mayu na 1935, a shari'ar kamfanin Alton, Kotun Ƙoli ta soke dokar da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Majalisa ta sake wata a shekarar, inda ta raba dokar biyan fansho da ta karɓar haraji, amma ita ma ta sha ƙalubale. Daga bisani Shugaba Roosevelt ya nemi kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago su sasanta da kansu, kuma yarjejeniyarsu ce ta zama dokar 1937. Hukumar da ke kula da tsarin tana birnin Shikago har yau, da mambobi uku: na ma'aikata, na kamfanoni, da shugaba mai wakiltar jama'a.

Tun da manufar farko ita ce samar da guraben aiki, ma'aikaci kaɗai dokar ta duba. Idan ya rasu, iyalinsa kan sami kuɗi dunƙule sau ɗaya, sai fa in ya yarda tun yana raye a rage masa fansho don matarsa ta ci gaba da karɓa. A 1939 aka gyara dokar tsarin ƙasa don a riƙa biyan matan mamata da marayu wata-wata, amma iyalan ma'aikatan jirgin ƙasa sai da suka jira gyaran 1946. A 1951 aka ƙara da kason matar wanda ya yi ritaya yana raye.

Ana cikin haka, motoci da jiragen sama suka kwashe fasinjoji da kaya. Masu zuba kuɗi a asusun suka yi ta raguwa, masu karɓa suna ƙaruwa. Don ceto shi, dokar 1974 ta raba fanshon hawa biyu: na farko daidai da abin da tsarin ƙasa zai biya, na biyu ƙari ne bisa shekarun aiki. A hawa na biyun, rabin kason miji kawai matar mamaci ke samu, alhali kuɗin haya da na wuta ba sa raguwa da rabi don mai gida ya rasu.

Dokar 2001 ce ta gyara wannan. Ta sa a fara biyan matar mamaci cikakken kason hawa na biyu, ta ba wanda ya yi shekara 30 yana aiki damar ritaya da cikakken fansho a shekara 60, ta kuma rage mafi ƙarancin wa'adin cancanta daga shekara 10 zuwa 5 ga aikin da aka yi bayan 1995. Shekara 67 ke nan tsakanin dokar farko da wannan gyara. Duk mai nazarin tsarin fansho, ko ma nasa ne, ya kamata ya fara da sashen magada, domin a nan ake gane ko an lissafa da iyali tun farko.